Yadda Lurwanu Ya Kawo Teku Birnin Konni

A shekarun da aka farfaɗo da samariya, wato ƙungiyar samarin gari, bayan babban fari, duk Birnin Konni ba wanda ya kai Lurwanu sanin teku. Sau ɗaya ya taɓa zuwa Kwatano, a saman wata kamyo, babbar motar kaya, da ta ɗauko albasar Galmi, shi ma don a samu mai zama kan buhuna ne kada a sace. Amma tun da ya dawo teku ya zama nasa. Ko maganar tsadar gero ake yi a teburin mai shayi, sai ya san yadda ya karkato da ita ta faɗa ruwan gishiri. Ya ba da labarin igiyar ruwa da ta fi hasumiyar masallaci tsawo, da Turawa kwance birjik a rairayi, da yadda ya yi iyo har wani Bature ya cire hula ya gaishe shi. Mutane sun ji labarin har sun fi shi iya ba da shi.

Ana nan sai sarautar Sarkin Samarin unguwarsu ta faɗi, don mai riƙe da ita ya tafi cin rani Ikko ya ƙi dawowa. Lurwanu ya sa rai da ita, sa ran da ya hana shi jin daɗin tuwo. Ba shi da gonar kirki, ba shi da rumfa a kasuwa, man gyaɗa da ƙuli-ƙulin matarsa Tsahara ne ke riƙe da gidan, kuma kowa ya sani. In ya hau, za a ajiye masa kujera a gaba duk ranar wasa, surukansa su daina gaishe shi da gefen baki. Abin da ya tsaya masa a wuya shi ne Munkaila mahauci, wani gajere mai faɗin ƙirji da shi ma ya fito nema. Wakili Abarshi, dattijon da ke kula da unguwar, ya ce ba zai naɗa kowa a kan surutu ba. Kowanne ya nuna wa samari abin da zai yi musu, sannan su zaɓa.

Munkaila ya kira gayya, aka cike wani kwazazzabo da damina ta haƙa bayan masallaci, ya yanka wa samari wani tsohon bunsuru da ya kasa sayarwa. Lurwanu ya tsaya daga nesa yana girgiza kai, ya ce wannan ai aikin tilas ne irin na zamanin Nasara. Shi hutu zai koya musu. Ranar Lahadi zai kai su filaj, wato wunin bakin teku, irin wanda wayayyun mutane ke yi. Da aka tuna masa cewa Konni ba teku, sai ya dubi mai maganar da tausayi. Ga tabkin bayan gari nan a hanyar Alela, har yanzu cike yake da ruwan damina.

"Teku ba ruwa ba na, kaya na," in ji shi. "In kayanka sun cika, ko bakin rijiya kaz zamna, kana filaj."

Haɗa kayan nan shi ya hana unguwa sakat. Ya fara da laima, don a cewarsa mutum ba laima a bakin teku daidai yake da tsirara. Laimar kirki ɗaya ce a unguwar, wata baƙa mai farin mariƙi da Wakili Abarshi ya zo da ita daga Makka, ba ya buɗe ta sai ranar Idi. Lurwanu ya yi ta zarya a zauren, ya shaida wa dattijon cewa a Kwatano manyan gari kaɗai ake buɗe wa irinta, kuma shi Wakili ne zai zauna ƙarƙashinta a matsayin babban baƙo. Wakili ya ba shi, ya biyo shi har ƙofa yana jaddada masa cewa ko ƙuda ya sauka a kanta yana so ya sani.

Daga nan ya kai wa tela wandonsa na Sallah, mai aiki a ƙafa, ya ce a datse shi sama da gwiwa. Tela ya riƙe almakashi yana ta ba shi haƙuri, ya tambaye shi ko wandon ya yi masa wani laifi ne. Ya karɓo robar cikin tayar kamyo a wurin mai faci, wadda facin jikinta ya fi ainihin robar yawa. Ya ari rediyon mai shayi, ya ari wani baƙin tabarau mai tsagaggen ido. Ya bi gida-gida yana kwasar tabarmi, har wata tsohuwa ta biyo shi tana salati tana tambayar wa ya rasu.

A gida ya tarar Tsahara ta jera kwalaben man gyaɗa don kasuwar Laraba. Ya fara jidarsu, yana yi mata bayanin cewa Turawa sai sun shafe jikinsu da mai kafin su kwanta a rana.

"Su kwanta rana da mai bisa jiki?" in ji Tsahara. "To wa ka juya su in gehe guda ya soyu?"

"Ke da ba ki taɓa wuce Illela ba, mi kis sani ga sha'anin teku?"

"Teku ban san shi ba, Maigida, amma na san suya."

Bai kula ta ba. Ya tafi duba tabkin, nan ya ga matsala. Bakin ruwan baƙar laka ce, duk sawun shanu ya dagargaza ta, ko ɗigon rairayi babu. Wani zai ce a fasa, amma Lurwanu cewa ya yi rairayi ma kaya ne. Ya sauka busasshiyar ƙorama da buhuna. Mutanen Konni, waɗanda kullum safiya sai sun share rairayi daga ɗakunansu, suka tsaya a gaɓa suna kallon mutum yana ɗura shi a buhu, yana ɗaure baki da kyau kada ya zube.

Sai daga ƙarshe ya tuna babban abu: ruwan teku gishiri gare shi. Ya nufi wajen Buzaye a kasuwa, ya zaɓi kantu, manyan dunƙulen gishirin nan na Bilma da ake ba dabbobi su lasa, don su suka fi girma. Buzun ya tambaye shi yawan shanunsa. Ya ce ba shi da ko kaza, tabki zai zuba wa. Buzun ya gyara amawalinsa, ya dube shi sama da ƙasa, ya ƙara masa gyara. Tsahara ce ta sha dakan gishirin a turmi, tana yi tana faɗa masa cewa wannan fa na shanu ne. Ya ce gishiri gishiri ne, ita dai ta daka.

Ranar Lahadi da hantsi aka kira Labo mai amalanke. Labo ya dubi tulin kayan ya ce shi jaki ɗaya gare shi, ba kamyo ba. Lurwanu ya ce ya ga yadda ake lodin jirgin ruwa da idonsa, a bar masa. Ya sa aka jera buhunan rairayi a baya, gishiri a kansu, tabarmi a sama. Da aka aza buhun ƙarshe, amalanken ya zauna da gindi, jaki ya tashi sama yana harbin iska, Labo na rataye a wuyansa yana kiran sunan Allah. Dole aka sauke, samari suka ɗauki rairayi a ka. Suna tafe suna nishi, wani daga cikinsu ya ce a gayyar Munkaila dai ƙasar da suka ɗauka akwai ramin da ke jiran ta.

Duk da haka taro ya yi taro. Ga makaɗi, ga 'yan mata, ga Wakili Abarshi da sandarsa, ga waɗanda suka zo don kawai kada a ba su labari. Munkaila na can baya da tiren nama a ka, ya ce shi koyo ya zo.

A bakin tabki mata na wanki, wasu mutane na buga tubali. Aka zazzage rairayin da aka sha wuya a kansa, sai ga shi bai fi faɗin ɗaki ɗaya ba. Lurwanu ya ce a Kwatano ma daga haka aka fara. Ya tuttula rabin gishirin a ruwa, ya sa aka motsa da gora, ya kira wani saurayi ya ɗanɗana. Saurayin ya kurɓa ya tofar, ya ce ruwan tabki ne dai, da ɗan warin kwaɗo. Lurwanu ya ce harshen ne bai waye ba. Ragowar gishirin kuma ya cuɗa shi da rairayin, don in an kwanta a tashi da farin jiki kamar yadda ake tashi a can. Aka kafa laima, aka zaunar da Wakili, aka kunna rediyo.

Sannan ya kewaya bayan wata sabara ya fito cikin shiri. Gajeren wando, baƙin tabarau, kai ya sha aski ƙwal, jiki na ƙyalli da man gyaɗa tun daga ƙeya har dunduniya, ƙafafu kamar sillen kara. Matan da ke wanki suka tattara kayansu suka koma can gaba. Wakili ya sunkuyar da kai ya laluba aljihu ya fito da tasbaha.

Aka fara da iyo. Lurwanu ya zura robar taya a ƙugu, ya ce kowa ya buɗe ido ya ga yadda ake yi. Ya shiga ruwa da taƙama, ya kai cinya, laka ta riƙe masa ƙafa. Yana kokawar zaro ta sai wani faci ya saki, robar ta yi wani dogon fito ta lanƙwashe ta zame masa har gwiwa. Ya fito da rarrafe, matsattsaku sun jeru a ƙwaurinsa suna shan rabonsu. Ya dake ya ce na Kwatano sun fi waɗannan girma, likita ma ke tura mutane wurinsu. Tsahara ta ɗebo gishirin tekun daga cikin rairayin ta barbaɗa musu suka faɗi, ta ce to ga shi ya yi aiki ɗaya.

Sai kuma shan rana. Ya umarci samari su tuɓe riguna, su shafa mai, su kwanta su kalli sama. Ba wanda ya motsa. Wani ya ce sun gama yankan gero ke nan, tun shuka suke shan ranar nan ba mai ba tabarma, in ita ce hutun to sun huta. Ɗaya bayan ɗaya suka zame zuwa gindin wata tsamiya, inda Munkaila mai koyo ya riga ya hura wuta ya kafa tsire. Ƙamshin ya biyo iska har kan rairayin. Lurwanu ya juya ya ga ba kowa a tekunsa sai shi da Wakili da rediyo. Ya ga sarautar tana tafiya gindin tsamiya da ƙafafunta.

Nan ya fito da abin da ya ajiye don ƙarshe. Ya ɗaga murya ya ce yanzu za a yi babban hutu, wanda ko a Kwatano sai manya: a binne mutum cikin rairayi har wuya.

"Lurwanu, mai rai ba a gina mai kushewa," in ji Wakili.

"Ranka shi daɗe, wagga ba kushewa ba ta. Hutu na."

Jin za a binne Lurwanu, samari suka bar tsire suka dawo a guje. Tun da aka fara neman sarautar nan bai taɓa ganin sun kewaye shi da murna haka ba, ransa ya yi fari. Rairayin bai fi taƙi ɗaya zurfi ba, don haka aka aro fartanyar masu tubali aka gina rami cikin lakar ƙasa. Ya shiga ya zauna, ya miƙe hannuwa a jikin cinyoyinsa, ya ce a mayar da ƙasa a danne sosai, haka ake yi. Suka danne, suka hau suka tattake, har makaɗi ya ba su kiɗa. Aka rufe saman da rairayi mai gishiri, aka gyara masa tabarau, aka matso da rediyo kusa da kunnensa. Ya roƙi Wakili ya bar masa laimar don hoton ya cika. Dattijon ya tashi ba da son ransa ba ya koma inuwar tsamiya. Daga nan wani kai mai ƙyalli, a ƙarƙashin laimar Makka, ya fara jawabi a kan wayewa.

Rana ta take tsaka, lokacin da kullum garken Fulani ke saukowa shan ruwa a daidai wurin. Jajayen shanu ne masu dogayen ƙaho, waɗanda tun babban farin nan ba su ƙoshi da gishiri ba. Saniyar gaba ta zo har bakin ruwa, ta tsaya, ta ɗaga hanci. Sai ta juya ta bar ruwan, garken duka ya biyo ta da sassarfa. Samari suka watse, wasu suka haye tsamiya, 'yan mata suka yi bayan amalanken Labo. Lurwanu yana tsakiyar bayanin yadda Turawa ke cin abinci da cokali ya ga duniya ta cika da ƙafafu.

Sun fara da rairayin, sannan suka gano cewa a tsakiyarsa akwai wani abu mai gishiri da mai a haɗe. Harshen saniya kuwa kaushi gare shi kamar dutsen goge ƙafa. Ta farko ta ɗauko daga haɓa ta ƙare a tsakar kai, ta tafi da tabarau. Ta biyu ta kama kunne. Wata ta zura harshe a hancinsa tana neman saura. Ya yi ihu da Hausa, ya yi da ɗan Faransancin da ya tsinta, ya gwada Fillanci, shanu ba su fasa ba. Wani bijimi ya saƙalo laimar da ƙaho, ya firgita da ita, ya yi cikin tabki tana buɗe a kansa. Rediyo ya ci gaba da waƙa har sai da kofato ya sauka a kansa. Tabarmin maƙwabta ma sun sha gishiri, aka cinye su tare. Kowace saniya ta wuce sai ta ƙara danne ƙasar da ke riƙe da shi.

Makiyayin, wani dattijo mai sanda a kafaɗa, bai yi gaggawa ba. Sai da ya ga gishiri ya ƙare sannan ya yi musu magana suka koma ruwa. Ya zo ya durƙusa gaban kan, ya gaishe shi gaisuwa cikakkiya, ya tambayi iyali da gajiya. Ya ce ya daɗe yana yawo da shanu bai taɓa ganin ɗan birni mai tausayin dabba irin wannan ba, har ya ba da kansa. Ya sa masa albarka, ya tambaya ko Lahadi mai zuwa ma za a yi, don ya gaya wa 'yan uwansa.

Jama'a suka sauko daga tsamiya, wasu dariya ta hana su tsayuwa. Labo ya shiga ruwa ya tsamo abin da ya saura na laimar, wayoyi da ɗan ƙyalle, ya miƙa wa Wakili. Dattijon ya juya ta, ya sake juya ta. Aka gwada tono Lurwanu da hannu, ashe rana da kofato sun mayar da lakar tubali, masu fartanya kuma sun gudu da kayansu tun zuwan shanu. Aka tashi mutum ya koma gari ya ɗauko wata.

Wakili ya ce ba za a jira ba. Shi ba za a sake tara shi a kan maganar nan ba, samari duk suna nan, 'yan takara ma ga su, ɗaya a tsaye, ɗaya kuma ga kansa. A ɗaga hannu a gama.

"Ranka shi daɗe, a hidda ni tukuna," in ji Lurwanu.

"Kai kac ce hutu na. Huta."

Aka ce masu son Munkaila. Hannuwa suka tashi, mafi yawansu riƙe da tsinken tsire. Munkaila ya sunkuyar da kai irin na mai kunya, yana ta leƙen ko akwai wanda bai ɗaga ba.

Aka ce masu son Lurwanu. Ya juya ido, don wuyan ba ya juyawa. Labo na duba ƙafar jakinsa. Makaɗi na gyaran tsarkiya. Tsahara na tsintar kwalabenta a laka, hannu biyu a cike. Lurwanu ya tattara duk ƙarfin da ya rage masa ya yunƙura, jijiyoyin wuyansa suka miƙe, ya ɗaga nasa hannun a can ƙarƙashin ƙasa, iyakar abin da ya motsa ɗan yatsa ne. Wakili mutum ne mai adalci, ya jira, ya duba gabas ya duba yamma, ya sake jira.

"To, ku shaida," in ji shi. "Ko mai abin bai ɗaga ba."

Aka ɗauki Munkaila a kafaɗa aka nufi gari. Baƙin ciki ya taso wa Lurwanu, hawaye suka gangaro masa, ba hannun sharewa. Wani ɗan maraƙi da ya makara bai samu gishiri ba ya matso a hankali ya lashe su.